Matsin Iska da Numfashi a Wurare Masu Tsayi

Iskar da ake shaƙa gauraye ce: kusan kashi 78 cikin ɗari nitrojin, kashi 21 oksijin, sai 'yan ragowa. Wannan rabo ba ya canjawa, ko a kasuwar Dole ta Damagaram ko a ƙololuwar dutse. Abin da ke raguwa in an hau sama shi ne matsin iskar.

Ana auna matsi da kilofaskal; a bakin teku matsin iska kilofaskal 101 ne. Masanin Ingila John Dalton ya nuna a 1801 cewa kowace iska a cikin gauraye tana da nata rabon matsin, daidai da yawanta. Ke nan rabon oksijin a bakin teku kilofaskal 21 ne. Kamar rabon gado ne: kason kowa yana nan, amma in dukiyar ta ragu, abin da zai shiga hannu ya ragu. Damagaram ba ta kai mita 500 ba, matsinta wajen 96, na oksijin wajen 20, shi ya sa mazauninta ba ya jin komai. A dutsen Bagzam na Azbin, mai mita 2022, wanda ya fi kowane tsayi a Nijar, matsin ya sauka zuwa wajen 80.

Dokar iska da Clapeyron na Faransa ya tsara a 1834, PV = nRT (P matsi, V girman wurin da iskar take, n yawan ƙwayoyinta, T zafinta, R lamba ce da ba ta canjawa), ita ke bayyana dalilin. Zafin huhu ba ya barin digiri 37, girmansa ma bai canja ba, don haka in matsi ya faɗi, ƙwayoyin oksijin da ke shiga a kowace shaƙa sun ragu. A rufe gorar roba wadda ba komai a ciki a saman Bagzam, a sauko da ita Agadez, za a tarar ta lotse.

Akwai kuma tururin ruwa, wanda ake yawan mantawa da shi. A cikin huhu yana riƙe da kilofaskal 6.3 ko ina mutum yake, oksijin sai ya ɗauki kasonsa daga abin da ya saura. A saman Ebares, dutse mafi tsayi a duniya, mita 8849, inda matsi bai wuce kashi ɗaya bisa uku na matsin bakin teku ba, oksijin da ke isa maƙogwaro bai kai kilofaskal 6 ba. Duk da haka masu hawan duwatsu biyu, Messner da Habeler, sun hau shi a 1978 ba tukunyar oksijin.

Jiki yana ramawa da haki da saurin bugun zuciya, bayan makonni ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Mai gaggawar hawa, galibi daga mita 2500, yakan yi ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Cikin jirgin sama ma matsinsa kan kai na tsayin mita 2400, don haka mai amosanin jini da zai tafi aikin hajji ya wajaba ya ga likita kafin ya tashi.