Soyayya da bege a hotunan opera na Fantin-Latour

Henri Fantin-Latour (1836–1904) mai zane ne ɗan Faransa, haifaffen garin Grenoble. Zanen furanni ne ya ci da shi, musamman a kasuwar Ingila, amma zuciyarsa tana wajen kiɗa. Ya bar hotunan bugun dutse (waɗanda ake zanawa a kan dutse sannan a buga su a takarda) kusan 200, da yawansu daga opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa tun daga fari har ƙarshe.

Tarihi

A 1861 aka nuna opera Tannhäuser ta Richard Wagner, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, a Faris, masu ihu suka hana ta sakat, aka janye ta bayan nuni uku. Wajen 1862 Fantin ya fitar da hotonsa na farko a kanta: jarumin yana fadar Venus, gunkiyar sha'awa, ga daɗi ya kewaye shi amma hankalinsa na gida. Daga nan ya ɗan jingine dutsen. Zuwansa Bayreuth ta ƙasar Jamus a 1876, inda ya kalli nunin farko na Der Ring des Nibelungen, jerin operar Wagner, shi ya sake hura wutar. Ya yi hotuna 14 don littafin Adolphe Jullien a kan Wagner (1886), da wasu 14 don littafinsa a kan Berlioz, mai tsara kiɗa ɗan Faransa (1888).

Alamomi

Ba cikar buri ya fi zanawa ba, jira ne. Ya zaɓi daren da Isolde ke yi wa Tristan ishara ya zo, a Tristan und Isolde ta Wagner, wasan da duhu ne mafakar masoya, rana kuma abokiyar gabarsu. Ya kuma zana Wolfram, na cikin Tannhäuser, yana roƙon tauraruwar maraice, wadda Bahaushe ke kira Zara, ta gaishe da Elisabeth, matar da yake so ba tare da ya same ta ba. Wannan hoton ya fi sauran taɓa zuciya.

Yadda yake aikin ma ya taimaka. Yakan zana da baƙin alli mai maiƙo, sau da yawa a kan takarda kafin a mayar kan dutse, sannan ya kankare baƙin har haske ya ɓullo. Sai fuskoki su fito a dushe kamar cikin hazo.

Matsayinsa

Masana sun saɓa kan ko a lissafa shi cikin 'yan mazhabar alamomi, masu bayyana mafarki da abin da ke zuci ta hanyar alama, irin su Odilon Redon, ko mai share musu fage ne kawai. Gidan tarihi na Grenoble na ajiye da hotunan da dama.