Matsewar bututun maɗaciya sakamakon hawan jini a jijiyar hanta

Wannan cuta ce da ke samun hanyoyin da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta zuwa hanji, idan jini ya taru a babbar jijiyar da ke kai jinin hanji da saifa cikin hanta. Galibi gudan jini ne ke toshe jijiyar, sau da yawa tun yarinta, misali bayan cibiyar jariri ta kamu da ƙwayoyin cuta. Jinin sai ya nemi wata hanya ta ƙananan jijiyoyin da ke kewaye da bututun, su kumbura su matse shi. An fi nazarin cutar a Indiya, inda ƙungiyar likitocin hanta ta ƙasar ta fitar da matsaya a kanta a 2014.

Ɓarnar iri biyu ce, kuma bambancin ne ke yanke hukuncin magani. Matsewar da jijiyoyi suka jawo takan saki idan an rage ƙarfin jinin. Amma inda bangon bututun ya daɗe bai samu isasshen jini ba har ya yi tabo, ba ya komawa yadda yake.

Hoto kan nuna canjin a mafi yawan masu toshewar jijiyar, sai dai kaɗan ne ke jin ciwo: shawara, ƙaiƙayi, ciwon ciki, ko zazzaɓi idan ƙwayoyin cuta sun shiga. Tsakuwa ma kan taru a bututun. Ana farawa da sikanin Dofla, wato sikanin da ke nuna yadda jini ke gudana a jijiyoyi, a tabbatar da hoton MRI, wanda ke nuna bututun da jijiyoyin tare. Dole a lura, domin hoton kan yi kama da sankarar bututun maɗaciya.

Wanda ba ya jin komai, sa ido kawai ake yi. Mai shawara ko zazzaɓi akan zura masa na'ura ta baki har hanji, a cire tsakuwa, a sa ƙaramin bututun roba ya buɗe hanyar, tare da maganin ƙwayoyin cuta. Aikin na buƙatar gwani, saboda jijiyoyin kan fashe. Idan matsewar tana dawowa, akan yi tiyatar karkatar da jini, yawanci a haɗa jijiyar saifa da ta ƙodar hagu. Sai idan wannan bai wadatar ba ake haɗa bututun da hanji kai tsaye. Fara wannan kafin a rage ƙarfin jinin kan jawo zubar jini mai tsanani. Dashen hanta na waɗanda hantarsu ta riga ta lalace ne.