Shin da gaske Holan ta busar da duk fadamunta?

An daɗe ana cewa mutanen Holan sun kori ruwa daga ƙasarsu kaf, duk inda laka take sun mayar da shi gona ko gari. Maganar tana da tushe: a 1932 sun datse wani reshen teku da doguwar madatsa mai kusan kilomita 32, daga baya suka janye ruwan wasu sassa, aka samu lardin Flevoland.

Sai dai akwai wuraren da suka bari da gangan. A arewa akwai Tekun Wadden, wanda ya miƙa har Jamus da Denmak. Sau biyu a rana ruwa kan ja baya, ya bar shimfiɗar laka da rairayi cike da tsutsotsi da ƙananan halittu masu ɓawo. Miliyoyin tsuntsaye masu ƙaura kan sauka nan su yi ƙiba, da yawansu su wuce har gaɓar Mauritaniya da Guinea-Bissau. An taɓa shirin datse Tekun Wadden ɗin, aka fasa. Ciyayin bakin gaɓar ma suna rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta daki ganuwar teku, don haka barin lakar ba asara ba ce.

Mai son tabbatarwa ya buɗe taswirar tauraron ɗan Adam ya duba arewacin Holan, sannan ya nemi jerin fadamun da ke ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare fadamu. Tafkin Nguru na nan Najeriya ma yana cikin jerin.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.