Zagayen Krebs da Numfashin Ƙwayoyin Halitta

Zagayen Krebs, wanda ake kuma kira zagayen asid ɗin sitirik, jerin sauye-sauyen sinadarai ne mai matakai 8 da ke gudana a cikin mitokondiriya, wasu ƙananan sassa da ke cikin ƙwayoyin halittar mutum da dabba da tsiro. Ta nan jiki ke tatsar ƙarfi daga abinci. Ya ci sunan Hans Krebs, masanin da ya baro Jamus zuwa Ingila a 1933, ya kuma bayyana zagayen a 1937 a Jami'ar Sheffield bayan gwaje-gwaje da naman ƙirjin tantabara. A 1953 aka ba shi kyautar Nobel tare da Fritz Lipmann, wanda ya gano sinadarin ko'enzayim A.

Idan mutum ya ci tuwon masara ko na dawa, sitacin da ke ciki yakan narke ya koma gulukos, sukari mai kabon 6. Tun kafin a kai ga mitokondiriya ake tsaga shi gida biyu, kowane ɓari mai kabon 3, ana kiransa pairubet, a sami ribar ATP 2. Shi ATP shi ne sinadarin da tsoka da jijiya da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi kai tsaye wajen aiki. Da pairubet ya shiga mitokondiriya sai ya zubar da kabon 1, saura, wato asetil mai kabon 2, ya haɗu da ko'enzayim A ya zama asetil-CoA. Kitse da man gyaɗa ma a nan suke ƙarewa.

Daga nan zagayen ke somawa. Asetil mai kabon 2 ya haɗu da okzalo'asitet mai kabon 4, su ba da sitiret mai kabon 6, dangin asid ɗin da ke sa lemun tsami tsami. Ana ta sauya masa siffa, kabon 2 su fice a matsayin iskar kabon dayoksaid, har a dawo kan okzalo'asitet, ya sake karɓar wani asetil. Kowane zagaye yana samar da NADH 3 da FADH2 1, sinadarai masu ɗaukar ilektaron (ƙananan ƙwayoyin lantarki), da ATP 1 ko makamancinsa GTP, kuma gulukos ɗaya zagaye biyu yake ci.

Ɗaliban likitanci da na kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sukan haddace sunayen matakan nan, amma abin da ya fi cancantar a riƙe shi ne wannan: ATP ɗin da zagayen ke bayarwa da kansa kaɗan ne ƙwarai, kuma babu matakin da ke taɓa oksijin. Babban aikinsa shi ne kwasar ilektaron daga abinci ya ɗora wa NADH da FADH2. Su ne ke kai kayan ga wasu furotin da ke jere a tantanin cikin mitokondiriya, inda ƙarfin ilektaron ke tura furoton, wato haidirojin da ya rasa ilektaron ɗinsa, zuwa ƙetaren tantanin. Furoton ɗin da suka taru sai su kwararo baya ta cikin enzayim (furotin mai hanzarta sauyin sinadarai) mai ƙera ATP, su juya shi kamar yadda ruwan madatsar Shiroro ke juya injin wuta. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, ya sha musu, daga baya ya karɓi Nobel a 1978.

A ƙarshen jerin oksijin ke jira, ya karɓi ilektaron ya zama ruwa. Abin ban mamaki ne matuƙa: oksijin da muke shaƙa ruwa yake komawa, kabon ɗin da muke fitarwa a numfashi kuwa daga abinci ya fito. In oksijin ya yanke, NADH ba shi da inda zai sauke kaya, zagayen kuma ya tsaya. Jimillar abin da ake samu daga gulukos ɗaya ATP 30 zuwa 32 ne, ko da yake tsofaffin littattafai suna cewa 36 zuwa 38.

Aikin yana buƙatar bitamin B1, B2, B3 da B5. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da mitokondiriya, don haka ba sa yin sa sam. Gubar sayanaid kuwa tana toshe enzayim na ƙarshe, mai miƙa ilektaron ga oksijin, sai ƙwayoyin jiki su shaƙe alhali jini cike yake da iska. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da sinadarin linamarin da ke sakin wannan guba, shi ya sa dole a fere shi, a jiƙa ko a gurza, a bar shi ya yi tsami, a matse, a soya ko a shanya sosai kafin ya zama garin kwaki ko alabo.