Gano musabbabi a ilimin ƙididdiga

Gano musabbabi reshe ne na ilimin ƙididdiga da ke bincika ko wani abu ne ya haifar da wani, ko kuwa tafiya ce kawai ta haɗa su. Wahalarsa a wuri guda take: manomin da ya zuba taki ya ga amfanin da ya samu, amma ba zai taɓa ganin abin da gonar za ta ba shi a wannan daminar ba da bai zuba ba. A 1986 Paul Holland ya kira wannan uwar matsalolin fannin.

Akwai manyan tsare-tsare biyu na tunkarar wannan matsala. Tsari na farko shi ne na sakamako mai yiwuwa. Jerzy Neyman ya aza harsashinsa a 1923 kan gwajin noma, Donald Rubin ya faɗaɗa shi a 1974. A nan kowane fili ko majinyaci yana da sakamako biyu, na idan an ba shi takin ko maganin da na idan an hana shi, tasiri kuwa shi ne tazarar da ke tsakaninsu. Tunda ɗaya ake gani, sai a kwatanta rukuni da rukuni. Ronald Fisher, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya nuna cewa ƙuri'a ce ya kamata ta raba rukunonin.

Sai dai ba a sa mutane shan taba da ƙuri'a. Da Richard Doll da Austin Bradford Hill suka danganta taba da sankarar huhu a 1950, Fisher, wanda shi kansa mashayin lofe ne, ya ja da maganar, yana cewa wataƙila gado ne ke jawo duka biyun. Bai yi daidai ba, amma tambayarsa tana kan hanya. Irinta tsari na biyu ke fuskanta, wato zane mai kibiyoyi, wanda Sewall Wright ya soma wajen 1921, Judea Pearl ya gina masa ƙa'idoji. Kowace kibiya tana tashi daga sanadi zuwa sakamako, zanen kuma yana nuna abin da za a sa cikin lissafi da abin da sa shi zai ɓata lissafin.

Masana tattalin arziki sun fi neman ƙuri'ar da duniya ta jefa da kanta. Da jihar New Jersey ta Amurka ta ƙara mafi ƙarancin albashi a 1992, David Card da Alan Krueger sun kwatanta gidajen abincinta da na maƙwabciyarta Pennsylvania, wadda ba ta ƙara ba, ba su ga aiki ya ragu ba. Card ya raba kyautar Nobel ta tattalin arziki ta 2021 da Joshua Angrist da Guido Imbens.