Waiwaye: Daga Tsibiran Hawai Zuwa Shagunan Garwa

Duk wanda ya ratsa unguwannin Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru da yamma yakan iske matasa zaune a ƙofar shago, kowa ya sayi ɗan tikiti mai lambar sirri, yana matsawa kusa da ƙaramin akwatin Wi-Fi, mai raba intanet ba tare da waya ba, da aka maƙala a bango domin "rezo", wato sigina, ya ƙara ƙarfi. Wannan akwati amsa ce ga tambayar da ta dami masu bincike shekara hamsin da ɗoriya: ta yaya kwamfutoci da yawa za su yi magana ta kafa guda ba tare da saƙonninsu sun cakuɗe ba?

A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa a Jami'ar Hawai suka ƙaddamar da ALOHAnet, wadda ta haɗa kwamfutocin tsibiran ta rediyo. Ƙa'idarta ita ce kowace na'ura ta aika saƙo lokacin da ta ga dama, idan kuma ya yi karo da na wata, sai ta ɗan dakata kafin ta sake aikawa. A 1973 Robert Metcalfe na kamfanin Xerox ya mayar da dabarar kan igiyar waya, tare da ladabin da muka sani a zauren dattawa, wato a saurara tukuna kafin a yi magana. Haka aka sami Ethernet, wadda har yau take haɗa kwamfutocin ofisoshi.

Hukumar sadarwa ta Amurka ce ta buɗe wa Wi-Fi ƙofa a 1985, lokacin da ta yarda a yi amfani da wasu zangunan rediyo ba tare da lasisi ba, ciki har da na gigahaz 2.4, wanda na'urar ɗumama abinci ke aiki a kansa. Injiniyoyin kamfanin NCR a Holan suka ƙera WaveLAN, tsarin haɗa na'urori ta rediyo, domin na'urorin karɓar kuɗi na kantuna, sannan kwamitin ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ƙarƙashin Vic Hayes ya fitar da ƙa'idar 802.11 a 1997, da gudun megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 gudun ya kai 11, sunan Wi-Fi kuma ya bayyana.

Wata matsalar ita ce amsa-kuwwa, domin igiyar rediyo kan bugi bango ta dawo ta dagula saƙo. John O'Sullivan da tawagarsa a hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, CSIRO, masu gogewa a nazarin sararin samaniya da rediyo, suka samo maganinta, aka yi musu rajistar ƙirƙira a Amurka a 1996. Sai dai mai kaurin katangar ƙasa da rufin kwano ya san har yanzu da saura.

A ganina, abin da aka fi mantawa a nan arewa shi ne Wi-Fi ba ya wuce 'yan mitoci gommai. Bayan nan intanet na bin zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske zuwa teku, inda igiyar ƙarƙashin teku mai suna SAT-3 ta sauka a Duwala a 2002, an kuma shimfiɗa wani zaren a gefen bututun man da ya taso daga Doba ta Chadi zuwa Kiribi. Ranar da zaren ya tsinke a kudu, alamar Wi-Fi takan cika fal a wayar yaron Garwa, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa.