Dashen Saman Koniya a Cutar Keratokonas

Dashen saman koniya, wanda likitocin ido ke taƙaitawa da DALK, tiyata ce da ake cire ɓangaren gaba na koniyar mara lafiya a maye shi da na wani mamaci, a bar masa shimfiɗarsa ta can ciki. Koniya ita ce tantanin nan mai garai-garai da ke rufe baƙin ido kamar gilashin agogo, kaurinta a tsakiya bai wuce rabin milimita da kaɗan ba. A cutar keratokonas, wadda kan fara tun ana samartaka, koniya na sirancewa ta yi tsini, gani ya gurɓace. Yawan murza ido na cikin abubuwan da ke ƙara ta. Sai tabarau da gilashin da ake mannawa a ido sun gaza, ko tabo ya tare gani, ake kai wa ga dashe.

Dalilin wannan tiyata yana cikin ginin koniyar. Kusan kashi 90 cikin ɗari na kaurinta naman tsakiya ne, sitiroma, kuma nan cutar ke ɓarna. A bayansa akwai tantanin Descemet, sai jerin ƙwayoyin endoteliyam masu tsotse ruwa don koniya ta zauna tas. Waɗannan ƙwayoyi ba sa tofowa in sun mutu, kuma su ne garkuwar jiki ta fi kai wa hari idan ta ƙi karɓar dashe. A keratokonas lafiyarsu ƙalau, don haka cire su, kamar yadda ake yi a cikakken dashe inda ake canja dukan kaurin koniya, asara ce.

Tunanin ba sabo ba ne. Arthur von Hippel ya yi dashen sashen koniya a Jamus tun cikin shekarun 1880, kafin Eduard Zirm ya yi nasarar dashen cikakkiyarta a 1905. Sai dai wuƙar likita kan bar fuska mai gargada tsakanin tsohon nama da sabo, gani ya yi hazo, shi ya sa aka fi karkata ga cikakken dashe shekaru da dama. Duk dabarun da suka biyo baya neman abu ɗaya suke: a isa kusa da tantanin Descemet ba tare da an huda shi ba. Sugita da Kondo na Japan sun kumbura naman da ruwan gishiri a 1997. A 1999 Gerrit Melles na Holan ya cika ɗakin gaban ido, wato sararin da ke bayan koniya, da iska, yana auna zurfin wuƙarsa da inuwarta da ke bayyana kamar a madubi.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce dabarar babban bororon iska, da Mohammed Anwar da Klaus Teichmann suka bayyana a 2002 daga Jidda, a Saudiyya. Likita zai zagaye koniya da wuƙa mai da'ira zuwa kashi 60 ko 80 na kaurinta, ya zura siririyar allura cikin naman, bakinta na kallon ƙasa, ya danna iska. In an dace, iskar za ta ɗaye shimfiɗar ciki daga naman, farin da'ira ya bayyana nan take. Daga nan sai ya yanke naman sama, ya tsaga rufin bororon, ya raba ragowar gida huɗu ya datse da almakashi. Koniyar mai bayarwa kuwa ana saɓule mata nata endoteliyam, a ɗinke ta da zaren nailan da ya fi gashi siranta, galibi ɗinki 16.

A 2013 Harminder Dua na Jami'ar Nottingham a Ingila ya nuna cewa bororon iri biyu ne. Na farko yana tasowa daga tsakiya, yana barin wata siririyar shimfiɗa mai ƙwari a kan tantanin Descemet. Na biyu daga gefe yake farawa, ya bar tantanin tsirara, taɓa shi kaɗan sai ya fashe. Gane wanne ne ya tashi shi ke gaya wa likita irin lallaɓawar da zai yi.

Aikin yana da wuyar koyo, kuma bororon ba kullum yake tashi ba. Idan ya ƙi, ko kuma tantanin ya taɓa tsagewa ruwa ya kumbura koniyar a baya, ana komawa ga fere naman da hannu, shimfiɗa bayan shimfiɗa. Ragowar in ta yi kauri tana rage kaifin gani. Ƙaramar huda ana iya toshe ta da iska a ci gaba, babba kuwa kan tilasta a juya zuwa cikakken dashe.

Ganin da ake samu yana kusa da na cikakken dashe, yawancin majinyata kuma suna buƙatar tabarau bayan an cire ɗinki. Ribar tana wani wuri: babu ƙin karɓar endoteliyam, ana rage tsawon lokacin ɗiga maganin sitiroyid mai iya jawo hawan jinin ido da yana, kuma ido ya fi jure bugu. Ana ma iya raba koniya ɗaya ga mutum biyu, gabanta ga mai keratokonas, bayanta ga wanda endoteliyam ɗinsa ya lalace. Wani bincike na duniya da aka wallafa a 2016 ya gano cewa koniya ɗaya ce ake samu a duk 70 da ake buƙata.